Mai Gyaran Layin Asibitin Kabo

Ranar da Zayyad ya fara ganin Ikilima, a durƙushe yake gaban akwatin na'urar rarraba intanet na wani ƙaramin asibiti a Kabo, kwamfuta a cinyarsa. Kamfaninsu na intanet da ke Gwarzo ne ya turo shi, don hotunan marasa lafiya da ake aika wa likita a Kano sai su yini ba su isa ba.

"Sannu da aiki, Malam. Ka kusa kuwa?" in ji ta, sanye da farin kayan nas. "Akwai mai ciki tana jiran sakamako."

"Layi biyu gare ku, amma komai ta guda yake bi," ya ce, bai ɗago ba. "Zan kafa wa na'urar ƙa'ida. Hotuna su bi layi mai ƙarfi, sauran su bi ƙaramin. In babban ya ɗauke, su juya da kansu."

"Masu kallon fim a waya za su tsine maka," ta ce tana dariya.

Shi bai yi ba. Tun da wansa Jibirin ya rasu a hatsarin mota, Zayyad ya daina jin komai. Yana ci, yana salla, yana aiki, kamar da jikin aro.

Hoton ya tafi nan take. Da yamma ta turo saƙo: "Mai ciki ta gode, ni ma haka, Sarkin Shiru."

Ya amsa: "Ba komai."

Daga nan kullum sai ya sami dalilin leƙa na'urar da lafiyarta ƙalau. Ita ke zuba, shi ke saurare. Da ya je gaida mahaifinta a Durun, Alhaji Sajo ya dube shi da kyau, bayan tafiyarsa ya ce, "Yaron nan ba ya son ki, Ikilima. Fuska kamar an aiko shi ta'aziyya. Ga Nasir mai kemis, in ya gan ki har kunnensa dariya yake."

Ta rubuta masa: "Nasir zai turo magabatansa. Me ka ce?"

"Allah ya sanya alheri," ya rubuta.

Ba ta ƙara nemansa ba.

Da damina, iska ta kayar da ƙarfen eriyar babban layin. Hotuna suka bi ƙaramin kamar yadda ya tsara, sai dai dole ya zo gyara. Suka haɗu da Ikilima a baranda.

"Ba ka ji komai ba ke nan?" ta ce.

"Ikilima, tun da aka binne Yaya Jibirin, ba daɗi ba zafi. Ban san sunan abin da nake ji ba. Amma tun saƙon nan abinci ya ƙi wuce mini. Kada ki auri Nasir."

Ta share ido. "Da ka faɗa tun farko, Sarkin Shiru."

Ita ta kai wa mahaifinta labarin Jibirin. Alhaji Sajo, wanda shi ma ya taɓa binne ƙane, ya ce, "Ashe ciwo ne, na ɗauka girman kai ne. Ki ce ya turo magabatansa."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Durun. Alhaji ya dafa kan Zayyad. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ɗana."

Da aka watse, Zayyad ya zauna gefen amaryarsa. "Har yanzu ban dawo daidai ba," ya ce.

"Na sani, angona," ta ce, ta tura masa kwanon tuwo. "Ba inda za ni. Ci tukuna."