Allura ta Shida

Jibi za a ɗaura auren 'yata Jannatu, ga rigarta a kan injin surfani da rabin fure a wuya. Allura ta shida cikin alluran injin sai tsinka zare take yi. Na sauya bobin zare, na ɗiga mai, na karanta littafin injin sau biyu, na fahimci wanda ya rubuta shi bai taɓa aurar da 'ya ba. Makanikin da ke zuwa gyara daga Kano ya ce sai mako mai zuwa.

Bayan isha'i wata mata ta yi sallama a bakin shagon. Ruwa ake tsugawa a Dangora, amma hijabinta a bushe yake.

"Malam, juya allurar. Bayanta ka sa gaba."

Na ce, "Hajiya, shekara tara nake wannan aiki."

"Takwas daga ciki ni nake saka maka ita."

Na juya allurar, injin ya kama aiki sumul. Na kasa ɗaga kai. Shagon ya cika da ƙanshin kafur, irin wanda na sayo bara da za a yi wa matata Furera wankan gawa.

"Yarinyar ta rame," in ji ta a hankali. "Ka ɗan rage mata ƙugun rigar."