Kifin da Yake Ƙifta Ido

Ku gyara zama. Wanda ya yi mini dariya, a zaure zai kwana, don wannan ba tatsuniya ba ce.

A Yawuri an yi wani tela, Barau. Ba masunci ba ne, ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba. Son a gani ne ya sa ya sayo akwatin gilashi irin na 'yan birni, ya cika shi da ruwa, ya sa masa inji mai hura kumfa, ya zuba ƙananan kifaye, ya ajiye shi a ƙofar shago. Kifi, abin miya, wai shi ne ado.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da mai hankali ke neman inuwa, ya gangara bakin kogi shi kaɗai neman wanda zai ƙara. Masunta duk sun tashi. Ko tsuntsu babu. Sai wata tsohuwa a kan dutse, ƙwarya a cinya, ƙafafu cikin ruwa.

A ƙwaryar akwai ɗan kifi kamar yatsa, fari fat, da zane baƙi a jiki, jela ja.

"Sannu, Inna. Na sayarwa ne?"

"Na riƙo ne."

"Wane iri ne?"

"Ba ka san shi ba kake so?"

"Kifi ai kifi ne, Inna."

"To. Ka riƙe mini, ni ma in riƙe maka."

"Na yarda," in ji Barau, yana dariya, ya karɓi ƙwaryar. Sai da ya hau tudu ya tuna rana tana dukan fuskarta, amma ko sau ɗaya ba ta ƙifta ido ba.

Ya zuba shi cikin akwatin. Washegari rabin kifayen akwatin babu su. Matarsa Hansai ta leƙa, ta ja baya.

"Malam, wannan tsage ne. Dubi haƙoransa kamar alluranka. Ba a haɗa shi da kowa."

"Ai shi ya sa za a zo kallo."

Aka kuwa zo. Barau ya riƙa sayo masa ƙananan kifayen karfasa masu rai, yana sauya masa ruwa, ya ɗora murfi ya danne da dutse saboda tsalle. Tsawon kifi ya kai kamu ɗaya, ya wuce. Ɗinkin mutane yana jira, tela yana goge gilashi.

Suna da 'ya ɗaya, Ladi, ba ta daɗe da yaye ba. Ta fara ƙin tuwo. In aka nema, sai a same ta zaune cikin bahon wanki, shiru. Gashinta kullum a jiƙe. In uwar ta goya ta, zani ya kwana yana ƙarni.

"Malam, zo ka dubi idon yarinyar nan."

Barau ya durƙusa. Ya hura mata iska a ido. Ya sake hurawa. Ladi tana kallonsa, ido a buɗe, ba motsi.

Ya fita ba takalmi, ya tsaya gaban akwatin. Tsagen ya juyo a hankali, ya zo daidai fuskarsa. Kifin ya ƙifta ido.

Ku da kuke gyaran kifi kun sani, kifi ba shi da fatar ido.

Nan maganar tsohuwa ta dawo masa. Riƙo. Ya karɓi ɗan mutane, an karɓi tasa.

"Hansai, riƙe ta da kyau. Ko randa kar ta kusanta."

Ya juye kifin a baho, ya aza a ka. Rana ta take. Tun yana tafiya da sauri har ya koma jan ƙafa, don nauyin ba na kifi ba ne. Daga cikin bahon yana jin numfashi.

Tsohuwar tana nan kan dutsenta.

"Ka dawo da wuri."

"Inna, ga ɗanki. A ba ni tawa."

Ta leƙa bahon. "Ya yi ƙiba. Ka iya riƙo. Taka ma tana jin daɗinmu, ba ta tambaye ka ba."

"Don Allah, Inna."

"Ni daga jikina na shayar da taka. Kai me ka ba nawa daga jikinka?"

Barau ya dubi hannunsa na dama, hannun almakashi. Ya yi bismillah, ya tsoma shi cikin bahon.

Bai yi ihu ba. Ruwan ya yi ja. Da ya ɗago kai, babu tsohuwa, babu kifi, babu babban yatsansa.

Tun daga zaure ya jiyo kuka. Ladi ce, tana murza ido, tana neman tuwo.

Barau bai ƙara yanka yadi ba. Akwatin gilashin kuwa, Hansai ta zuba masa ƙaiƙayi, kaji suka riƙa ƙwai a ciki. Nan ne ya fara amfani.

Ladi ta girma, ta yi aure nesa da kogi, uban ne ya dage. Amma duk shekara in ruwa ya kawo, sai ta ajiye abin da take yi, ta juya wajen Yawuri, ido a buɗe, ta ce, "Inna na gaishe ni."

Saboda haka kar in ji ɗayanku ya je bakin ruwa da tsakar rana shi kaɗai. Abin da ba ku san sunansa ba, kar ku kawo shi gida. Wanda kuma ya miƙo muku ƙwarya, ku dubi idonsa tukuna.

Ku tashi ku rufe randar nan.