Wa Ya Dama Kunun Golmo?

Ana kiran sunan Saloma a matsayin sabuwar shugabar ɗakin haihuwa, asibitin mishan ya ɗauki tafi. Ita kuwa sai ta ji numfashinta ya tsaya. Ta sulale ta ƙofar baya, ta durƙusa a gindin mangwaro.

A nan saurayinta Markus ya same ta, hannuwansa duk sun yi kanta saboda riƙon fartanya.

"Tauraruwata, ana can ana neman ki, ke kina nan kina gaisawa da tururuwa?"

"Markus, ka daina zuwa gonar Baba."

Murmushinsa ya ɗauke.

"Na yi laifi ne?"

"Ba ka yi ba... Ni ce ban cancanta ba. Wata rana kowa zai gane ba ni da komai a kai, har da kai. Gara ka tsaya tun yanzu."

Markus ɗan bariki ne, a Legas ya girma, bai san bambancin dawa da ciyawa ba. Amma da ya ga Saloma, sai ya rantse zai yi golmo irin na kakanninsa, wato noman da saurayi ke yi wa uban budurwa kafin a ba shi ita. Ranar farko ya nome dawar Baba tas, ya bar ciyawa tana shan iska. Garin Zuru kaf babu wanda bai yi dariya ba, shi ma har da riƙe ciki. Bana ce damina ta ƙarshe, kuma ga Saloma tana cewa a fasa.

"Ba zan daina ba," in ji shi a hankali. "Amma zo in kai ki wajen Mama Fadima. Ita ta sa babana ya koma barci bayan ya dawo daga yaƙin Saliyo."

"Ni mahaukaciya ce?"

"Babana mahaukaci ne?"

Ranar kasuwa ta bi shi.

Mama Fadima ma'aikaciyar lafiya ce da ta ƙware a kan masu ciwon firgici. Ba allura, ba ƙwaya, sai kujera biyu da gyaɗa a faranti. Ta fara koya wa Saloma jan numfashi, da dafa ƙafa a ƙasa idan jiri ya taso. Sai da aka yi makonni kafin bakin Saloma ya buɗe.

"Ni da yayata Beatrice muka rubuta jarrabawar makarantar ungozoma. Ita ce mai ƙwaƙwalwa, ni rakiya kawai na yi. A hanyar dawowa na ce ina jin amai, ta ba ni wajenta na bakin taga. Kusa da garin Mahuta motar ta kife... Ni na fita, ita ba ta fita ba."

Kuka ya ƙwace mata. Mama Fadima ta bar ta ta yi mai isarta.

"Tun ranar, duk abin da na samu sai in ji nata ne na ɗauka."

"'Yata, wajen zama ta ba ki a mota, don tana son ki. Jariran da kika karɓa fa, da hannun wa kika karɓe su?"

"Sa'a ce kawai, Mama."

"Wannan sa'a taki ta iya ɗinki da auna jini, ya kamata a ba ta albashi."

Dariya ta kubce wa Saloma, hawaye na zuba. Daga nan sauƙi ya fara shigowa, yau gaba, gobe baya. Wata rana Mama ta ba ta aiki: ta nemi abu ɗaya da ta yi da kyau, komai ƙanƙantarsa, ta faɗa a gaban mutane cewa ita ta yi.

Abin yana nan kusa. Duk ranar golmo Saloma ce ke dama wa manoma kunun tsamiya, amma jin nauyin mutane ba ya barinta ta kai. Sai ta ba Jessica, 'yar kawunta. Ita kuwa Jessica, da ta daɗe da ƙyalla ido a kan Markus, sai ta sha kwalliya ta ɗauki tulu tana rangwaɗa, tana karɓar yabo ba kunya. Har mahaifiyar Markus ta fara cewa, ina amfanin matar da ba ta iya kawo wa mijinta ko ruwa a gona?

Ranar noman ƙarshe Saloma ta ɗaura zanenta, ta kai hannu kan tulu.

"Kawo mana, kin san ba ki iya shiga mutane," in ji Jessica.

"Yau zan koya."

Gona cike take da abokan Markus da dangi. Jiri ya fara taso mata. Ta dafa ƙafafunta a ƙasa da kyau, ta ja numfashi, ta sauke tulun a gaban Baba.

Mahaifiyar Markus ta kurɓa ta lumshe ido.

"Kai, Jessica, hannunki akwai albarka."

"Mama..." Saloma ta ɗaga murya. "Ni na dama. Na yau da na bara, duk ni ce. Kuma shugabancin ɗakin haihuwa da aka ba ni, na karɓa."

Jessica ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Tsohuwa ta dubi Saloma sama da ƙasa, sannan ta miƙo ƙwarya.

"To ƙaro mini, surukata."

Baba ya juya yana share ido da hularsa. Tun rasuwar Beatrice bai ji wannan 'yar tasa ta ɗaga murya ba.

Markus ya matso, taɓo har gira.

"Ai na sani tun ranar farko, masoyiyata. Jessica ko ruwan zafi sai ta ƙona."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Na fi son in ji daga bakinki."

Ta kalli kunyoyin da ya yi, duk a karkace kamar tafiyar maciji, ta yi murmushi.

"Baba, a ba shi ni haka nan, kafin ya ƙarasa mana dawar."

Gona ta ɗauki dariya da tafi. Wannan karon Saloma ba ta nemi hanyar gudu ba, ta tsaya har aka gama tafa mata.