Telan Da Aka Cire Daga Bincike

Ranar da ta fara shiga layin teloli da na'urar awon jini a jaka, shagon wani matashin tela ne na ƙarshe. Digiri na uku take yi a fannin lafiyar al'umma, bincikenta kuwa a kan hawan jini ne tsakanin teloli, mutanen da ke wuni zaune a kan keke. Duk wata takan zo ta auna waɗanda suka amince.

Ya ɗago kai, ƙafarsa ta tsaya a kan keken ba tare da ya sani ba.

"Sannu da aiki, Malam. Ko za ka yarda in auna jininka?"

Ya naɗe hannun riga kafin ta gama bayani. Ta ɗaura masa, idonta na kan na'urar, duk da haka sai da ta lura da alli a yatsunsa, da yadda ya kawar da kai don kada ya takura ta.

Jinin ya hau. Wata na biyu ma haka, na uku ma haka. Hankalinta ya tashi.

"Kana cin gishiri da yawa ne? Kana samun barci?"

Tsohon telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo. "'Yata, daina wahalar da kanki. Shekaranjiya na raka shi asibiti, aka ce jininsa ya fi na likitan kyau. Ke ce ciwon."

Ta tattara kayanta da sauri har ta manta biro. Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Mai Awo, bironki yana wurina. Ki yafe wa Baba maƙwabcina, bakinsa ba linzami. Amma bai yi ƙarya ba."

Ta karanta har ta haddace, ba ta ba da amsa ba. Tun daga ranar, ƙarar keken ɗinki ko ta rediyo ce sai ta ji ƙirjinta ya motsa. A laburare takan buɗe littafi, ta tsinci kanta tana duba ɗinkin hannun rigarta.

Da abin ya fi ƙarfinta sai ta faɗa wa Farfesar da ke duba aikinta. Matar ta cire tabarau ta dube ta.

"Kin san ƙa'ida. Wanda kike so ba ya zama cikin waɗanda kike bincike a kansu. Ko ki cire shi daga aikin, ko ki cire shi daga ranki."

Ta cire shi daga aikin. Sai dai kunya ta hana ta zuwa da kanta, ta roƙi wani abokin karatunta, dogo mai mota, ya isar da saƙon. Shi kuwa ya tsaya a ƙofar shago yana kaɗa mukulli ya ce, "Ta ce ba za ta ƙara auna ka ba. An cire ka."

Saƙon gaisuwar da yakan turo mata kowace safiya ya ɗauke. In ta shiga layin, sai ta tarar ya juya keken yana fuskantar bango. Takan auna na kusa da shi, tana jin ƙarar almakashinsa ta bayan katako, ta fito ba ta ko iya sallama. Ta rame har Umma ta tsare ta a kicin, ta faɗi gaskiya.

"Tela?" in ji Umma. "Duk wannan karatun da ya hana ki zaman gida, a bakin keke zai ƙare?"

"Umma, mutumin kirki ne."

"Kirkin ne ya sa ya daina kula ki?"

Rannan tsohon telan ya ce mata, tana cikin ɗaura masa na'ura, "Ɗan nan zai tashi daga layin. Ya sami shago a wani gari. Ya ce ba zai iya ganin mai motar nan yana sauke ki ba."

Ta rubuta masa saƙo, ta goge, ta sake rubutawa, a tsaye a bakin titi.

"Ban cire ka don na ƙi ka ba. Doka ta hana in so wanda nake bincike a kansa, shi ya sa na zaɓi in rasa ka a aikin. Mai motar ɗan ajinmu ne kawai. Don Allah kada ka tafi."

Ba ta kai ga mayar da wayar jaka ba ta ji takunsa a bayanta, tef a wuya, takalmi ƙafa ɗaya.

"Mai Awo, da bakinki nake so in ji."

Ta sunkuyar da kai. "Ka ji ai."

"Ban ji ba. Kunnen tela keke ya cinye shi."

"Ina son ka," ta ce ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙafarsa marar takalmi.

Abba ya bincika halinsa, ya gamsu, amma ya kafa sharaɗi: sai ta kare kundinta. Jiran ya yi tsawo. Ba ya zuwa sai ranar hutu, kuma in ya ga littafi a hannunta, a ƙofa yake gaishe ta ya juya. Wannan ne ya tausasa zuciyar Umma.

"Wanda ke son ki har yake iya barin ki ki yi karatu," ta ce wata rana tana tsintar shinkafa, "ba na jayayya da shi."

An ɗaura auren bayan ta zama Dakta. Da za a fita da ita, Umma ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta juya ga angon.

"Ga ta nan, ɗana. Ba ta da yawan magana, sai ka riƙa tambaya."

"Zan tambaya, Umma, har ƙarshen raina."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci gidan da zuriya ta gari.