Murar Safara'u

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun asuba, gari ya yi sanyi. Safara'u na kwance a ɗaki tana tari, jikinta zafi rau. Mijinta Khalilu ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga ya kasa tafiya, domin mahaifiyarsa Inna Kaltume na ciki da tukunyar sirace.

Murar ta zaga gidan kaf. Kowa ya sha citta da kanumfari ya miƙe, Safara'u kaɗai ta kasa tashi. Khalilu ya san dalili. Tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, ta same ta daga mijinta na fari da ya rasu. Khalilu ya sani tun ranar gwajin aure, ya ce ya ji ya gani, ya kuma yi mata alkawarin rufa asiri. A asibiti an gargaɗe su cewa mai wannan ciwo ba ya wasa da mura mai zazzaɓi, don tana saurin sauka huhu. Ga shi tun da Inna ta tare a ɗakin don jinya, Safara'u ta daina shan ƙwayoyinta, kada a tambaye ta na mene ne.

Ya ce a kai ta asibiti. Inna ta ce a shekarar da mai ya gagari kowa, wa zai tayar da babur har Gezawa saboda majina? Ta ce su ma sun yi mura a gidan miji, ba wanda ya tsaya musu a ƙofa. Ko kunya ba ya ji, a gabanta yake rawar jiki a kan mace.

"Inna, ba murar da kika sani ba ce."

"To ta Turawa ce? Mura dai mura ce. Wuce gona, mijin-ta-ce."

Ya tafi gonar, ya kasa noma kunya ɗaya. Da azahar ya dawo ya tarar numfashin Safara'u na fita da ƙyar, leɓenta ya bushe. Ya buɗe baki zai faɗa, ya tuna alkawari, ya juya wa bango fuska yana share ido.

Safara'u ce ta kamo bakin zanen Inna.

"Inna, ina da ciwon nan da ba a son faɗa. Kada ki ga laifinsa, ni na hana shi."

Inna ta juya wajen ɗanta. Ta tambaye shi ko ya sani kafin aure. Ya ce ya sani, kuma ana gwada shi, lafiyarsa ƙalau.

"Shi ne kuka zuba mini ido ina turara 'yar mutane kamar kifi? Tashi ka nemo babur."

A asibitin Gezawa, likita ya ce murar ta zama nimoniya, wato ciwon huhu, da an ƙara kwana da sai dai wani labarin. Aka sa mata iska da ƙarin ruwa, aka mayar da ita kan maganinta. Inna kuwa ta daina amsa gaisuwar Khalilu. Shi kuwa kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya tashi.

Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba a rufe shi har ya ci rai. Kuma wanda ya yi haƙuri da iyaye bai taɓa taɓewa ba.

Ranar da Safara'u ta fara neman abinci da kanta, Inna ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta ce gobe ya biyo ta wajenta kafin ya fita. Washegari ya karɓi kwanon kunun gyaɗa da Inna ta dama wa Safara'u da hannunta, ya ɗaure shi a bayan keke, ya kama hanyar Gezawa.