Fasfon Hajiya Haulat

Ƙarfe goma na safiyar Talata aka miƙa wa Sufeto Ja'afar rahoton ɓatan wani fasfo, don shi kaɗai ke jin Hausa a ofishinsu na 'yan sanda a ƙasar Larabawa. A Sudan aka haife shi, a bakin kakarsa ya koyi harshen, kuma tun rasuwarta sai aiki kaɗai ke sa ya yi shi.

Gidan yana hawa na shida a unguwar Al Mirqab. An kwashe komai na falon, sai kwalaye a ɗaure da tankin gilashi irin na kiwon kifi a jikin bango.

"Fasfona ne, yallaɓai," in ji Hajiya Haulat, tsohuwar malamar jami'a da mijinta ya rasu bara. "Alhamis zan koma Kaduna gaba ɗaya. Ranar Asabar yana cikin durowa, Lahadi babu shi. Zinarena na kusa da shi, ba a taɓa ba."

"Su wa ke da makulli?"

"Fausatu mai aikina, shekara goma sha ɗaya muna tare. Sai Dramani, mai zuwa gyaran tanki daga shagonsu na kasuwar Souq Waqif."

Sufeto ya leƙa tankin. Ruwan ya yi duhu-duhu. A ƙasa wata dabba ce fara mai ƙafa huɗu kamar ƙadangare, da jan geza a gefen kanta.

"Aksolotul ake ce masa. Na marigayi ne, Baƙo yake kiransa. Da gezar nan yake numfashi, ka ga ta tanƙware gaba. Kwana uku bai ci komai ba. Ga filtar tace ruwan ma sai gurnani take."

A ƙarƙashin teburin tankin akwai wata baƙar tukunyar roba mai tiyo biyu. Ruwan da take turowa cikin tankin bai wuce ɗigo ba.

"Tun yaushe?"

"Tun Lahadi."

Sufeto ya rubuta ranar, ya ja layi a ƙarƙashinta.

Fausatu na kicin tana naɗe kofuna da jarida. 'Yar Zangon Kumasi ce, ta haura hamsin.

"Kin shiga ɗakin Hajiya ranar Lahadi?"

"Na yi shara kawai."

"Tankin fa?"

"Ban taɓa sa hannu ba, yallaɓai. Tsoron abin nake."

"In Hajiya ta tafi, ina za ki?"

Ta ci gaba da naɗe kofin da ta riga ta naɗe. "Ita ce kafil ɗina, da sunanta nake zaune a ƙasar nan. Ta saya min tikitin Ghana."

Da zai fita, ya tura ƙofar banɗakin baƙi. Bokiti uku ne jere cike da ruwa, da wata 'yar kwalba a gefe. Ya karanta jikinta: maganin kashe kulorin na ruwan famfo.

Da azahar aka kawo Dramani da jakar kayan aikinsa.

"Yaushe rabonka da gidan nan?"

"Asabar na zo, na wanke filta."

"Maigadin benen nan bai rubuta sunanka ba tun sati uku."

Dramani ya share goshi. "Gaskiya ban zo ba. Tunda an ce shagonmu za a ba dabbar, na ce sai ranar ɗauka. Kada maigidana ya ji, don Allah."

"To, auna min ruwan nan."

Ya ɗebi ruwa a kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza. Bayan 'yan mintuna ruwan ya koma kore.

"Amoniya ta yi yawa. Kashinsa ke kawo ta, ita ke ƙona masa geza."

"Rashin wankin ne?"

"A'a. Sati uku ba ya yin haka. Cikin filtar akwai soso da 'yan duwatsu masu rami, a jikinsu ƙwayoyin da ke cinye dattin suke zaune. Sai dai in an wanke su da ruwan famfo, ko an cire su." Ya sake duban kwalbar. "Amma da ba a canza masa ruwa, da ta fi haka. Wani na rage ruwan kullum."

Sufeto ya dubi Hajiya. Ta girgiza kai. "Ni bokiti ma ba na iya ɗagawa."

"Buɗe filtar," Sufeto ya ce wa Dramani.

Dramani ya kashe wuta, ya rufe tiyo, ya ɓalle murfin. Kwandon sama da sosonsa yana nan. Na tsakiya babu dutse ko ɗaya. Wata leda ce a ciki, an naɗe ta da salatif, ta toshe hanyar ruwan.

Sufeto ya yanka ledar da reza. Akwai wata a ciki, sannan ta uku. Koren fasfo ya fito a bushe.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji Dramani.

"Na sani. A kira min Fausatu."

Tana shigowa falon, dabbar da ta wuni kwance ta motsa, ta tako a hankali zuwa gilashin da ke gefenta.

"Kin ce tsoronsa kike," in ji Sufeto. "Shi kuwa ya san mai ba shi abinci. Ina duwatsun?"

Ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗakinta ta fito da robar abinci. Duwatsun na ciki, jiƙe a ruwan tanki.

"Alhaji ya koya min kada su bushe," ta ce. "Na ɗauka kwana huɗu ba zai cutar da shi ba. Da na ga ya daina ci, sai nake canza masa ruwa in Hajiya ta kwanta da rana."

"Me ya sa, Fausatu?" Muryar Hajiya ta yi ƙasa.

"So nake jirgin ya tashi ba ke, Mma. Ko wata ɗaya ne mu ƙara." Ta ajiye robar a kan kwali. "Wa zan tarar a Kumasi? Uwata ta rasu ina nan. 'Yata ta yi aure, a waya na gani. Ke kike ce min sannu kullum da safe, shekara goma sha ɗaya. Kika ɗaure kwalaye, ba ki tambaye ni ko sau ɗaya ba."

Hajiya ta zauna a kan kwali. Ta dubi Sufeto.

"Yallaɓai, na janye ƙarar."

"Za ki zo ofis ki rubuta, Hajiya. Amma rahoto ya riga ya shiga, sai Fausatu ta bi mu ta ba da bayani." Ya yi wa wata 'yar sanda da ke bakin ƙofa alama.

Fausatu ta ɗauko mayafinta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Dramani, mayar da duwatsun yanzu, kada ka ɗauraye. Mma, bokitin hagu ne na yau. Kada ki ba shi abinci sai gobe."

Suka sauka a lif. A mota Sufeto ya tambaye ta sunan 'yarta, ta ce Mufeeda. Ya tambayi unguwarsu, ta faɗa. Abubuwan ba sa cikin bincike, bai rubuta ba. Da suka iso ofis bai kashe motar nan da nan ba, ya bari ta gama ba shi labarin bikin 'yar tata.