Talotalon Ɗaurin Aure

Da safiyar bikin ɗanta, Doña Eufemia ta tarar da akurki wayam. Talotalon da ta yi shekara tana kiwo ya yi layar zana. A garinsu Zaachila kuwa, ko a zamanin da jirgin ƙasa ya fara zuwa, dangin amarya ba sa sakin 'yarsu sai an je ƙofarsu da rawar talotalo.

Ranta ya yi mugun ɓaci. Ita da mijinta, Don Crisóforo wanzami, su ne masu gano ɓarayin garin, yau ga shi an shigo musu har gida.

Ta fara da Chona, maƙwabciyar da ba sa ga maciji. Chona ta nuna mata hannuwa jajur, ta ce tun jiya take niƙan barkonon miyar bikin a gaban mata, sakayyar ke nan? Melquiades mahauci kuma ya rantse cewa da shi ne ɓarawon, da a nan zai murɗe wuyan, ba zai ɗauki mai kwarmata masa asiri ba.

Wannan maganar ta tsaya mata. Talotalon nan ko kyanwa ta gifta sai ya tashi unguwa, amma jiya shiru.

Ta koma ta iske Crisóforo durƙushe, hanci cikin kaskon abincin talotalon.

"Tsoho, biki na rushewa kana kiwo?"

"Shinshina, uwargida."

Masara ce jiƙe da barasar mezkal. Ɓarawo buhu yake kawowa, in ji shi. Mai bugar da talotalo sai wanda ya saba rawa da shi a ka, don kada ya yage masa fuska da fiffike. Eufemia ta ciji leɓe. Mutum ɗaya ke wannan dabarar: tsoho Nabor, mai rawar bukukuwa, wanda ta sallama bana saboda gwiwarsa, ta ɗauko saurayi.

Ta faɗa ɗakin Nabor ba sallama, Crisóforo na biye da ita. Ga talotalo kan gadon Nabor yana gyangyaɗi, an rataya masa furanni. Tsohon na zaune cikin farar rigar biki, a shirye.

Ta zazzage masa tas: mutuncin ɗanta, kunyar surukai, amanar maƙwabtaka. Bai musa ba.

"Ni na yi rawa a bikinki, Eufemia. A bakin 'yan kasuwa na ji kin canza ni."

Gaskiya ce, kuma hakan ya ƙara ƙular da ita. Can waje makaɗa sun fara. Crisóforo ya ce a hankali, saurayin nan fa bai taɓa ɗaukar bugaggen talotalo ba.

Ta sunkuci tsuntsun, ta dangwara wa Nabor a ka.

"Wuce gaba, Baba. In ka faɗi, kai zan sa a tukunya."